Baba Ba Ya Awon Suga Sai Yana Azumi

Na iso Sokodé daga Dapaong, gari duk hayaƙin taya, zanga-zanga ta sa an rufe kantunan magani. Shingen soja huɗu na ratsa don in kawo wa Baba 'yan takardun da ake sa wa injin awon suga.

Ina buɗe littafin da yake rubuta awonsa, sai na ga Litinin da Alhamis kaɗai, da la'asar, yana bakin azumi!

Na ce, "Haba Baba! Likita cewa ya yi da safe kafin karyawa, da kuma awa biyu bayan cin abinci."

Ya ce, "In na auna bayan tuwo, injin nan ɓata mini rai yake yi."

Ga ƙafarsa a kumbure. Jama'a, ku gaya mini, wa Baba yake yaudara, injin ko mu 'ya'yansa?