Ƴan Baƙin Mai na Kano da na Babana

Wata Alhamis cikin hutun damina, shekarar da na gama aji biyar, Inna ta aike ni kasuwa sayen kuka da daddawa, ni kuwa na ɓige a teburin wani Alhaji Bakano mai sayar da tsofaffin kaset. Ba saye nake ba, sunaye nake karantawa, don tun da aka koya mini karatu a lakwal ba na barin rubutu ya wuce ni. A ƙasan kwali na ga wani mai dusasshen rubutu: Ƴan Baƙin Mai. Waƙar farko, "Tura Ta Tashi".

Babana makanike ne, kuma da labarin nan na tashi. Wai da yana saurayi su huɗu ne suke kiɗa a bayan garaji, jita biyu, gangar tanon mai, wato duro, da lasifika mai shan batirin mota. Sunansu ke nan, sunan waƙarsu ke nan. Kaset ɗaya tak suka ɗauka, wani ya ara ya tafi da shi Tirmini, har yau. Ni ko baiti ban taɓa ji ba. In na matsa sai ya ce, "Ke bar ni, muryar ta bi kaset ɗin." Abin yana cina ƙwarai.

Na ce wa Alhaji aro nake, ban tsaya jin amsa ba, na sheƙa garaji. Baba ya goge hannu a tsumma, ya zuba pil, wato batir, a rediyo, abokan aikinsa suka kewaye mu. Jita ta ɓarke kamar ana yaga kwano, ganga ta bi, mawaƙin ya shigo yana kukan motarsa ba fetur. Baba ya tsayar da kaset ɗin.

"Fetur ya ce? Mu nan esans muke sha, uwata. Waɗannan Kanawa ne."

Na ce sata suka yi, a bi su. Ya yi dariya har da riƙe ciki, wai kowane garaji da baƙin mai, kowace tsohuwar mota da turi take tashi. Ni kuwa haushi ya sa na fashe da kuka. Ya dube ni jim, ya jawo tano tsakanin ƙafafunsa, ya ɗauki sukurdireba biyu, ya soma tasu waƙar. Muryar ta shaƙe, baiti na uku ya ɓace masa ya cike da la-la-la, amma ya yi ta, abokan aikin nan nasa suna amshi suna tura iska da hannu, ni ina tsalle kan tsohuwar taya da majina a hanci.

Yanzu in na rubuta sunan a waya wasu ke fitowa, har na garuruwan da ban sani ba, kowa da nasa kiɗan. Na babana ba ya ciki. Baiti biyu ne, kuma suna wurina.