Bokitin Cincin da Aka Dawo Mana da Shi

Ranar Asabar ta biyu a watan Disamba, a shekarar da zan zauna jarrabawar GCSE ta kammala sakandare, na shiga doguwar bas daga Manchester zuwa Birmingham da bokitin cincin a kan cinyata, ɗuminsa na ratsa siket ɗina. Shekarata goma sha biyar. Mama na gefena, ta sha leshinta ruwan goro a ƙarƙashin ƙatuwar rigar sanyi, tana ta ja min kunne kada in buɗe murfin, don ta san halina da kwaɗayi. Sunan jikar Gwaggo Binta za mu je, yayar Baba da ke zaune a unguwar Handsworth. Baba bai samu zuwa ba, yana wajen aikin gadi na ƙarshen mako. Ni kuwa ba sunan ne a raina ba. Littafin bitata zan karɓo daga hannun Nafisa, autar Gwaggo, sa'ata kuma aminiyata, wadda ta are shi tun hutun tsakiyar zango.

A lokacin muna zaune a wani flat a hawa na uku a unguwar Hulme ta Manchester. Baba ya zo karatun digiri na uku, kuɗin karatun da ake turowa daga gida suka tsaya cak, ita ma ƙasar da muka zo ta shiga tsuke bakin aljihu. Aka rufe wurin wasan yaran unguwa, laburaren da nake fakewa don jin ɗumi ya koma buɗewa jefi-jefi. Sai muka koma zana 'yar gala-gala da alli a wurin ajiye motoci, in ruwa ya kore mu kuma mu yi carafke a bakin matakala da tsakuwoyin da Mama ta tsinto mana. Aikina ne wanke kayan makarantar ƙannena a baho, in shanya su a kan hitar da ba a kunnawa sai an yi baƙo. Babban aikina kuwa na ranar Alhamis ne. Ina tasowa daga makaranta, ni da Mama mu taka har wata coci mai nisa inda ake raba abinci, food bank, don kada mu haɗu da idon sani. Kafin mu fito ta juye komai cikin ledojin babban kanti, mu dawo ledar na yanka min yatsu, tana ba ni labarin ƙuruciyarta a Zariya da abin da ke damunta, kamar ni ƙawarta ce. Ko ƙannena ba su san inda taliyar ke fitowa ba. Kullum a bakin ƙofa sai ta ce, "Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Duk da wannan hali, Mama ba ta taɓa zuwa gidan mutane hannu rabbana ba. Fulawa da sukari da man da muka samo ranar Alhamis, su take tarawa ta soya cincin, kuma duk Bahaushen da ke Manchester ya san cincin ɗin Maman Jidda, kamar yadda ake kiranta da sunana. Shi ne mutuncinta. Muddin tana shiga taro da bokitin nan, ba mai kallonta da idon tausayi.

To, a makaranta muna bitar wani ɗan littafi na zamanin Sarauniya Biktoriya, labarin wani tsoho marowaci da aka tsorata shi da abin da ya wuce da abin da ke tafe har ya shiryu. Malamarmu ta Turanci ta ce kowa ya raba littafin bitarsa gida uku, haɗama, talauci, da tuba, a ƙarƙashin kowanne ya rubuta abin da marubucin ya nuna, sannan ya kawo misali daga rayuwar da ya sani don abin ya zauna masa. Ta ce ba za ta karɓa ba, namu ne. Ni da zaƙewa, ai sai na saki alƙalami. A shafin talauci na zayyana tafiyar Alhamis tas, har da ledoji, har da asalin fulawar cincin. A shafin haɗama kuwa ban wahalar da kaina ba, Gwaggo Binta na rubuta: mai gidajen haya biyu, wadda ke kulle firiza da kwaɗo, wadda in ka kwana gidanta sai ka kwana da safa biyu, wadda ba ta taɓa tambayar ƙaninta yaya yake fama ba. Na ji daɗin rubutun nan, ba zan ɓoye ba. Shafin tuba ne ya gagare ni, don ban san kowa ba. Abin da kawai na rubuta shi ne, da tsohon ya shiryu, kyautarsa ta farko ya aika ta ne ba tare da an san daga wa take ba.

Su Nafisa ma littafin suke karantawa, ita kuwa ba ta ƙaunar karatu ko kaɗan. Da ta zo mana hutu ta ga yawan rubutuna, ta dinga magiya. Na ce akwai abin da ba na so a gani. Ta dafa ƙirji ta rantse da Allah cewa shafukan sharhi kawai za ta kwafa, kuma ba mahaluƙin da zai taɓa shi. Yarinyar da muke kwana gado ɗaya, muke cin kwano ɗaya, me zai sa in ƙi?

Tun daga ƙofar gidan Gwaggo na san da wata a ƙasa, don hita na ta aiki har tagogi sun yi gumi. Takalma sun cika siririn lungun shiga, falo maƙil da mata, daga matan ɗalibai har ma'aikatan jinya 'yan Jos. Mama ta durƙusa ta gaishe da Gwaggo, ta miƙa bokitin. Gwaggo ta buɗe, ta leƙa, ta mayar da murfin ta danna, sannan ta turo shi gaban Mama da murya yadda kowa zai ji.

"Haba Maman Jidda, ku da kuke bin layin sadaka a coci, ina ke ina kawo mana tsaraba? Mayar wa yara su ci. Ni da aka sa ni a littafi an ce marowaciya ce, to yau na tuba, kowa ya shaida."

Ta sa aka jawo buhun shinkafa da jarkar mai da kwalin kaji har tsakiyar falo. Wasu suka ce Allah ya saka da alheri, wasu suka sunkuyar da kai suna kallon kafet. Ni dai ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mama ta yi murmushi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba, ta ce, "Allah ya ƙara arziki, Yaya." Ta ja bokitin ta ajiye a bayan ƙafarta, kuma a nan ya wuni.

Na haura sama na tarar da Nafisa tana gyara ɗaurin ɗankwali. Ba ta ma musa ba. Ashe ba tsintar littafin Gwaggo ta yi ba, ita Nafisar ce ta zauna ta karanta mata shi shafi-shafi tana fassarawa, wai ranar sun yi faɗa ne tana so uwar ta ji yadda mutane ke ganinta. Cikin Turancinta na Birmingham ta ce min ai taimakona ta yi, ba ga shi mun samu shinkafa ba? Har ta ƙara da cewa misalaina sun ciyo mata maki a gwaji. Na fizge littafina. Na so in mare ta, wallahi, hannuna ne kawai ya ƙi ɗaguwa, don na san rantsuwarta ta ci, amma alƙalamin nawa ne.

A hanyar dawowa Mama ce ta riƙe bokitin a cinyarta. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Idonta na kan taga ta yi min magana.

"Jidda, ni na ɗauka ke 'yar sirrina ce."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Kayan suka biyo mu a mota washegari, kuma mun ci shinkafar, yunwa ba ta san zuciya ba. Amma da Alhamis ta zagayo na dawo da gudu daga makaranta, na tarar ta riga ta tafi. Haka ta ci gaba da zuwa ita kaɗai, tana kinkimo ledojin har hawa na uku, in na kai hannu ta ce in je in yi karatuna. Ba ta sake soya cincin don kai wa kowa ba har muka bar Hulme. A jarrabawa tambayar tuba ce ta fito, na cika shafuka a kan bambancin mai bayarwa don ya rufa wa wani asiri da mai bayarwa don ya wanke sunansa. Na ci da kyau, kuma ban ji daɗin komai ba.

Yanzu ina aiki a Birmingham, ina da flat ɗina a Ladywood, hita a kunne, kabad cike da abinci. Su Baba sun daɗe da komawa Zariya. Gwaggo har gobe tana ba da labarin yadda ta tallafi ƙaninta a shekarun wuya, ni da Nafisa kuma muna gaisawa a wajen biki kamar waɗanda suka taɓa haɗuwa a bas. Kowane ƙarshen wata ina aika wa Mama abin da ya sawwaƙa, ta yi ta sa min albarka. Sai dai wani lokaci in ina tafe da ledar cefane tana yanka min yatsu, nakan yi kewar doguwar hanyar cocin nan da muryarta a gefena. In na kira na tambaye ta ko akwai abin da ke damunta, sai ta ce lafiya lau, alhamdu lillahi, kamar yadda take ce wa kowa. A da ni kaɗai ce ba ta ce wa haka.