Kayan Tafiyar Goggo

Duk wanda ya san kasuwar Bagudo ya san Na'Allah mai yadi. Shaddarsa da atamfarsa daga Segbana ta Dahomey yake ɗauko su, ya biyo da su ta Tsamiya. Komai na yadi akwai a rumfarsa, in ban da fari. In ka tambaya sai ya kau da kai.

Da can yana sayarwa. Mahaifiyarsa Goggo ta je Makka a ƙasa tun tana da ƙarfinta, ta dawo da likkafaninta wankakke da ruwan Zamzam. Gara ta dami ɗakinta, sai ta ba shi ya ajiye a akwatin ƙarfen rumfa. Duk safiya in ya je gaisuwa takan ce, "Na'Allah, kayan tahiyata na nan?" Ya ce, "Suna nan, Goggo."

Sai gwamnati ta saki kuɗin Udoji na ƙarin albashi. Ma'aikata suka zama kamar an ɗana musu wuta. Mai keke ya sayi babur, wanda bai san tasha ba ya rungumo rediyo. Kafin Sallah rumfar Na'Allah ta koma wayam, ko ƙyalle babu. Ranar nan Lauwali malamin gona ya zo da aljihu cike, shi lallai sai farin yadi na babbar riga. Ya hango farin likkafanin a cikin akwatin, ya ninka farashi, ya sake ninkawa. Na'Allah ya ce a ransa ai fari fari ne, zai sayo wani a Segbana, wa zai gane? Sai ya sayar masa.

Yana hanyar Segbana Goggo ta cika. Aka buɗe akwati, babu komai. Da alawayyon maƙwabta aka rufe ta, kafin ya iso.

Juma'ar da ta biyo baya sai ga Lauwali a sahun gabansa, rigar ta sha aiki a wuya. Na'Allah ya bi shi har gida yana roƙo ya mayar masa. Lauwali ya yi dariya ya ce, "Mi za ka yi da ita? Ni ban taɓa sa tuhwa mai sanyin wagga ba."

Na'Allah bai iya faɗa masa dalili ba, kunya ta hana shi. Haka ya ci gaba da sallah a bayansa har rigar ta tsufa. In an tafi sujada, gefenta yakan shafi kansa, ya ji ana tambayarsa ko kayan suna nan.