Gurasar Hannu Biyu

Shekara talatin muna bango ɗaya a unguwar Nakkasa ta Makka, ni da maƙwabciyata 'yar Fanjab. Da Larabcin kasuwa muke hira, nata a karye, nawa a karye. Da aka rushe unguwar muka koma Utaibiyya, ita kuwa ta koma Pakistan. Ana nan sai ga kira: za ta aurar da autarta, in ban zo ba, babu ni babu ita. Ɗana ya yi mini takardu, na tafi.

Bayan biki ta ce za ta kai ni wani tsohon ɗakin ibadar Sik, mutanen nan masu rawani da ba sa aske gashi. Na ce, "Haba Hajiya, daga Harami sai can?"

Ta ce, "Wa ya ce ki yi sujada? Abinci za mu ci. Ubana ya ci a nan shekarar yunwa, ba wanda ya tambaye shi addininsa. Yalla, mu je."

Muka tuɓe takalma, muka wanke ƙafa, muka shiga. Farin gini ne mai ƙubba, ana ta waƙa da ƙananan ganguna. Aka zaunar da mu a ƙasa sahu-sahu, attajiri kusa da lebura. Aka zuba mana miyar adas, ɗan waken nan ƙanana, da shinkafa dafaffiya da madara. Babu nama, balle in tambayi wanda ya yanka.

Sai ga wani dattijo da kwandon gurasa. Ya ba maƙwabciyata. Ni kuwa na miƙa dama, na ɓoye hagu cikin mayafi, yadda uwata ta koya mini. Ya tsaya. Na ƙara miƙawa. Ya riƙe gurasarsa, yana wata magana da ban ji ba.

Raina ya ɓaci. Na ce to, baƙar fata ya gani, ko carbina. Na tsufa ban taɓa roƙon loma ba. Na dafa ƙasa zan tashi, na kuma san in na fita, da zumuncinmu zan fita, domin ita ta kawo ni.

Ta cafke mini zane. "Ina za ki, sarauniyar fushi? Hannu biyu yake jira! Nan karɓa da ɗaya rashin ladabi ne."

"Har da hagu?"

"In kina addu'a, a ina kike ajiye ta?"

Na fito da ita, na haɗa tafuka. Ya saki gurasar da zafinta, ya sunkuyar da kai. Uku na ci.

Yanzu duk Juma'a sai ta kira ta ce in gaida mata hagu. A azumin bana ina rabon ƙosai a ƙofar gida, wani magini ya miƙo mini hagu, damansa na riƙe da buhu. Da can da na janye. Na saka masa, na ƙara masa biyu.