Ranar da sauri ya tsayar da sanarwa

Kwamfutar gidan rediyonmu na Gure ta ɗauke karo na uku, ga wani bawan Allah daga Bune tsaye a kaina, yana jiran in sanar da ɓatan tsohonsa.

Hadiza mai gyara ta duba, ta ɗago. "Wa ya ƙara saurin bus?" Wato hanyar da saƙo ke bi a cikin kwamfutar.

Sabon abokin aikinmu ya ce shi ne, wai don na'urar ta daina nawa.

Hadiza ta ce, "Malam, bus ke buga ganga, furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, na ninka kowane bugu. Ɗan abin da ka ƙara ya fi ƙarfinsa, ga zafin Gure!"

Ta mayar da shi yadda yake. Sanarwa ta fita, da Hausa da Barbarci.

Har yanzu mutumin Bunen ya ƙi zama, don ba a ga tsohon nasa ba tukuna. Ku taya shi da addu'a.