Tashar da Maiguwa Ya Gina

A ƙauyenmu, gabas da Buza, akwai wani kangon dutse da muke kira Gar, wato tashar jirgi da Faransanci. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa nan ba. Maiguwa ne ya gina shi, ƙanen kakana Nuhu, kuma har yau haushinsa nake ji haɗe da tausayinsa.

Maiguwa mutum ne da ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Rani uku ya yi a Ƙauran Namoda yana dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgi. Da ya dawo, ba shi da zance sai na jirgi. Yana noma yana ɗaga kai, sai ka ce an kira shi.

A ranin 1941 wasu Nasara biyu masu awo suka ratsa gonarsu, suka kafa turaku tun daga gindin dutse har kwari. Tafintansu ya ce wataƙila hanyar jirgi ce. Wataƙila fa! Wannan kalmar ba ta shiga kunnen Maiguwa ba.

Gonar nan ita ce cin gidan gaba ɗaya, ga ta a gangare. Jerin duwatsun da mahaifinsu ya shimfiɗa a gicciye su ne ke rage wa ruwa gudu, su riƙe ƙasa. Ko yaro ya san ba a taɓa su. Maiguwa ya kwashe su a kan jaki, ya ta da ɗaki mai taga biyu, ya share tsakanin turakun tas.

Nuhu ya ce, "Kai Maiguwa, mi kaka yi haka? Duwatsun baba na!"

"Yaya, jirgi ba shi son tuntuɓe. Ran da yaz zaka, kai ka gode min."

Masu awo ba su dawo ba. Shi kuwa kullum yana zarya, ya hau dutse ya leƙa kudu, ya sauko ya ƙara shara.

Gero ya fara kai, aka tafka ruwa wata la'asar. Ruwan ya sami hanya miƙaƙƙiya, ya bi ta da ruri. Kafin magariba ya yanka gonar biyu, ya tafi da geron da ƙasar. Shekarar nan gidan a kan ganye ya rayu, Nuhu bai ƙara ci a akushi ɗaya da shi ba.

Maiguwa ya rushe bangon gabas na tashar da hannunsa, ya mayar da duwatsun ɗaya ɗaya, ya jera su yadda suke a da. Sai dai babu sauran ƙasar da za su riƙe.