Naman Jikana a Cikin Kakin Kyandir

Tun tasowata ban taɓa yarda wani abu na jikin yaro ya kwana a hannun bare ba. A gidanmu mabiyiya binne ta ake yi, gashin askin suna ma haka. Shi ya sa ranar da likita ta yanki ɗan nama daga kumburin da ya fito a cinyar jikana, ɗan shekara huɗu, ban tambaye ta komai ba sai inda za a kai shi.

"Ɗakin gwaji, Mama," in ji ta. 'Yar kudancin Kaduna ce, tana jin Hausa kamar jakin Kano, ga fara'a. Fara'ar ce ma ta fi damuna.

Da muka koma, sai ta ce gwajin bai gamsar da ita ba, sai an kai naman Zariya. Na ce a raina, da walakin, goro a miya. Mun sha jin labarin abin da ake yi da sassan yara. Ɗana, uban yaron, ya ce, "Inna, ki bar mutane su yi aikinsu mana." Na ce ya rufe mini baki.

Likitar ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce lokacin da tsokar jariri ke haɗuwa a ciki, akwai wani sinadarin furotin da ke cikinta, in tsoka ta nuna sai ya ja baya. Akwai ciwon dajin yara da ke kwaikwayon wannan ɗanyar tsoka. A Zariya za a zuba wa naman rini, in sinadarin yana nan zai fito ruwan ƙasa.

"To, ni zan kai da hannuna," na ce. Ina jira ta hana, in kama ta. Sai kawai ta miƙo mini shi, an daskarar da shi cikin kakin kyandir, bai kai akwatin ashana ba.

Na ƙulle shi a bakin zanina, na hau mota a Kawo. Har muka wuce Rigachikun hannuna na kan ƙullin. A Zariya na ce in sun gama su dawo mini da ragowar in binne. Suka ce ajiyewa ake yi, ko za a sake dubawa. Na fito ina ƙwafa, ina cewa biri ya yi kama da mutum.

Muna jiran sakamako, kumburin na ƙaruwa. Yaron da nake tsokana ina ce masa maigidana, mai hana ni kuɗin cefane, ya daina guje-guje a tsakar gidanmu na Kurmin Mashi.

Ranar da aka kira mu, likitar ba ta yi fara'a ba. Ta juyo mini da hoto a wayarta, ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa ko'ina. Na ƙura wa fuskarta ido ina neman ƙarya, na nema har na gaji. Wallahi a ranar na so a ce macuciya ce, don da cutarmu take yi, da jikana lafiyarsa ƙalau.

Yaron ya ja mayafina. "Kaka, an gama? Mu tafi gida?"

Likitar ta dube ni. Na ce ta nuna mana gadon.